Sadiq Yana Son Komawa Makaranta

Laraba da dare, Tottenham

Yau ina koya wa Sadiq Latin a teburin kicin, sai ya ajiye biro ya leƙa taga. 'Yan tsohon ajinsa ne ke wucewa. Ya ce min da Turanci yana kewarsu.

Na kira Anti Bilki, wadda ta ba ni shawarar koyar da shi a gida. Ta ce, "Ki daure, ƙanwata, nawa ma haka suka yi." Amma 'ya'yanta suna da yawa, suna ɗebe wa juna kewa. Nawa shi kaɗai ne.

Na riga na ajiye aikina, makarantar kuma ta ba wani yaro gurbinsa. Da zai kwanta ya tambaye ni yaushe zai koma. Na ce ya yi addu'ar barci.