Kalmar Mahmudu ta Ranar Asabar

Unguwar Ƙurban, Madina

Maigidana Jabir,

Sallama irin ta Musulunci. Yaya sanyin Italiya? An ce ka rame. Haka ake yi wa mijin da ya bar tsohuwar matarsa ya tafi karatu.

Ga aiki na ba ka. Kakanka Mahmudu, duk Asabar in zai taka zuwa masallacin Ƙuba, sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce mini "andiyamo". Shekara arba'in ban tambaye shi ba, don kada ya ga kamar ban sani ba. Ranar da zai cika, bayan kalmar shahada, ita ya faɗa yana kallona. Na tambayi malaman jami'a har uku, sun ce ba Larabci ba ce. Tun daga ranar ban sake taka Ƙuba ba, ina tsoron wasiyya ce na kasa cikawa. Zulfa ƙanwarka ta ce ta ji ta a wayarka.

Ka huta lafiya.
Matarka ta fari, Ƙaltume

*

Napoli

Ya Jadda kakata,

Wa alaikumus salam. Wallahi kullum ina jin ta a tashar bas. Ma'anarta "mu tafi", ni da ke, ba mutum ɗaya ba. Na kai wa ustaza Marwa mai binciken asalin kalmomi. Ta ce masana ba su daidaita ba: wasu sun ce daga tsohuwar kalmar Rumawa ta tafiyar ƙasa ta fito, wasu ta kewayawa. Da na ce Jaddi Mahmudu a ƙafa ya zo daga Haɗeja, ta tambaya ko ya bi ta Masawwa, inda Italiyawa suka daɗe a bakin teku. Ya bi?

Jikanki, Jabir

*

Maigidana,

Ya bi. Shekara uku yana dakon buhuna a can kafin ya sami jirgin Jidda. Allah mai iko! Kalma ta taso tun zamanin Rumawa, ta haye teku, ta hau kan ɗan dako, ta zo ta tsaya ƙofar ɗakina, ni kuwa ina ce masa a dawo lafiya. Ashe gayyata ce.

Jiya Asabar na taka da sandata. Zulfa ta ce mu hau mota, na faɗa mata kalmar kakanta. Sau huɗu na zauna a hanya. Na yi raka'a biyu.

Ka ci abinci.
Ƙaltume