Haƙurin da Na Bayar a Bayan Idonka

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma tun azahar na kasa zaune na kasa tsaye, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya lau. Mangwaron da ka dasa a bakin get ya yi 'ya'ya bana. Autarka Nafisa ce ta janyo mana magana. Hukumar jami'a ta hana ɗalibai mata yin taro kan rashin ruwa a ɗakunan kwanansu, ita kuwa ta hau intanet ta fayyace komai, da sunanta ɓaro-ɓaro. Gobe kwamitin ladabtarwa zai zauna. An ce ta goge rubutun ta ba da haƙuri, ko a kore ta, ga shi saura wata huɗu ta gama. Ta kafe. Hujjarta kai ne: wai Babanta ya liƙa gaskiya a allon sanarwa, aka dakatar da shi daga koyarwa, bai rusuna wa kowa ba, kuma dole aka mayar da shi.

Malam, ka yafe mini. Ba gaskiyarka ce ta mayar da kai ba. Ranar da ka tafi ta'aziyya Gawuna, na ɗauko Kawu Isa, muka riƙe goro da turare, muka je gidan shugaban kwamitin da ya dakatar da kai, layi biyu bayan namu. Na durƙusa a kan kafet ɗinsa na ce sharrin shaiɗan ne, ka yi nadama, kunya ce ta hana ka zuwa da kanka. Shekara ashirin kana ba yara labarin nan kana bugun ƙirji, ni ina zuba maka shayi. Sau nawa na buɗe baki na rufe? Kullum kana faɗa da masu toshe bakin mutane. Su dakatar da kai kawai suka yi. Ni ce na janye maganarka, ban ko tambaye ka ba.

To yau ma na aika an sayo goron. Shugaban nata kwamitin ma maƙwabcinmu ne, matarsa ƙawata ce. Sau uku ina yafa mayafi ina cirewa, direba na jira a mota. In na je, Nafisa za ta gama karatunta. In ban je ba fa? Wallahi tsoro nake ji. Amma in sake durƙusawa da bakin wani, in sake shekara ashirin ina zuba shayi?

Yanzu na sallami direban. Tana sama a ɗakinta. Zan hau in faɗa mata yadda aka yi aka mayar da kai, gobe ta shiga gabansu da abin da ta zaɓa, da bakinta. Na san zan rage maka tsawo a idonta, kuma ba ka nan balle ka kare kanka. Wannan ma ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Matarka mai laifi,
Binta