Ranar da Muka Mayar da Baba Gandun Hamada

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan da sauƙi za a ce. Mama tana gaishe ku.

Na bi shawararka. Ranar Asabar mun kai Baba gandun dajin nan na hamada, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Kai ka ce in ya ga wurin hankalinsa zai dawo ya gane mu. Daga nesa magana ba ta da wuya.

Auta ne ya tuƙa, ka kuwa san tuƙinsa, babu ramin da ba mu gaisa da shi ba. Baba kuwa sai murza bakin rigarsa yake. Mama har kwalli ta sa, abin da rabona da in gani tun kafin ciwon Baba.

Da kwalta ta ƙare za mu shiga yashi, sai ya bubbuga ƙofa ya ce a tsaya. Ya sauka, ya durƙusa, ya rage iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yadda suke yi don kada mota ta kafe. Wallahi Yaya, na ce shi ke nan, Baba ya dawo. Ya nuna mana sawun barewa, ya yi ta tuna mana mu sha ruwa. Mama tana dariya tana share hawaye.

Sai can na gane ashe baƙi ya ɗauke mu. Ya tambayi Mama daga wace ƙasa ta zo, ya ce nan gaba ta taho da maigidanta. A ƙofar fita ya yi mana godiya, ya ce mu sauke shi a nan, matarsa tana jiransa, ba ta cin abinci sai ya dawo. Da ƙyar muka hana shi sauka, yana kuka wai mun sace shi.

Na gaji, Yaya, kuma na cire rai. Don Allah kada ka sake aiko wata dabara. Ka zo kawai. Shi ba zai san ka zo ba, Mama nake ji. Tun ranar sai ta zuba abinci ta rufe, ta zauna ta tasa kwanon a gaba, ba ta ci. In na yi magana, sai ta ce bai dawo ba tukuna.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
'Yar Baba