Awartakin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da matarka da yara. Ya jikin Baba?

Ga zanen sabon shagon na aiko. Kafin ka ce ɓarnar katako ce, ka duba shi da kyau. Ba na son irin shagunan zinaren nan masu farar fitila kamar ɗakin tiyata. Bango zai ɗauki launin jar ƙasa, da zane irin na tsofaffin gidajen unguwarmu. Sarƙoƙi da 'yan kunne za su kwanta a kan saƙar kaba a cikin gilashi. A ƙurya kuma kafinta zai haɗa teburin Baba yadda yake a tsohuwar maƙerarsa: sikeli, ƙaramar guduma, awartaki rataye a ƙusarsa, har da 'yar kujerar da nake zama a gabansa ina kallonsa yana aiki. Ba hoto na bi ba, teburin yana nan daram a kaina.

Ba zan ɓoye maka ba, ba don masu saye nake wannan wahalar ba. Zuwana biyu ke nan Baba yana ce mini "baiwar Allah". Likita ta ce wani lokaci hannu yakan tuna abin da kai ya manta. So nake ya zauna a teburin nan, ya ɗago kai ya ce "Auta". Ko sau ɗaya ne ya ishe ni.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Jikin Baba sai a hankali.

Na ga zane. Ke dai tun kina ƙarama, in kika kafe a kan abu sai a ba ki hanya. Kafinta ya fara aiki, yana ta mita wai bai taɓa ganin wanda ya ce a tsufar masa da sabon katako ba. Ni ban sa baki ba. Kin san ban gaji ƙira ba, sayarwa kawai na iya, lokacin da kike zaune a maƙera ni ina filin ƙwallo. Takardarki na miƙa masa na ce ya bi ta sak.

Amma ki rage buri. Shekaranjiya ya tambaye ni ko ni ne direban da zai kai shi gida, alhali yana zaune a ɗakinsa. Ni da nake yi masa wanka kullum. Na daina jin zafin abin, ke ma gara ki fara koyo.

Kafinta zai gama kafin Asabar, ki zo ranar mu kai Baba shagon tare. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki


Yaya,

Salam. Na iso lafiya. Ka yafe mini tafiyar da na yi ba sallama, zuciyata ce ta kasa ɗauka.

Kai kana bakin ƙofa da baƙin da suka zo ganin shago, ba ka ga abin da na gani ba. Da muka zaunar da shi ya shafa teburin, fuskarsa ta saki, har na fara murna. Sai ya miƙa hannun hagu ba tare da ya duba ba, yadda ya saba shekara arba'in, yana neman awartaki. Bango ya taɓa. Ya sake lalubawa, babu komai. Ya janye hannun ya ɗora a cinya, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wannan shagon wani ne. A mai da ni gida kafin mai shi ya zo."

Sai a mota na gane. Baba bahago ne, kowa ya sani. Amma ni ban taɓa zama a kujerarsa ba, kullum ina gabansa muna fuskantar juna. A damata nake ganin awartakin, shi ya sa na rubuta wa kafinta dama. Duk teburin na juya shi. Ni da nake cika baki yana kaina daram, kunya da baƙin ciki sun hana ni cin abinci.

Ka sa a mai da ƙusar hagu, sikeli ya koma dama. Ka sake kai shi, don Allah. Ni ba zan iya sake tsayawa a wurin ba.

Ka gaida gida.
Auta


Auta,

Salam. An gyara, na kai shi jiya da hantsi.

Hannunsa ya sami awartakin, ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya dubi 'yar kujerar ya ce, "Ina Auta?"

Na nuna masa hotonki. Ya ce, "A'a, wannan ai baiwar Allahn nan ce da ta yi kuka rannan. Tawa ƙarama ce." Ya ce kada a ɗauke kujerar, ruwa ta je sha, yanzu za ta dawo.

Ban ɗauke ba.

Allah ya ba ki haƙuri.
Yayanki