Ɗorawar Gonar Malam

Kurfi, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da mutanen Dutsin-Ma baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Na rubuto ne tunda kunnenki ba ya ɗaukar waya, ni kuma takaba ta hana ni fita. Yau kwana tamanin da rasuwar Malam. Har yanzu nakan zuba tuwo kwano biyu, sai in tuna.

Yaya, kin san gonarmu ta bakin rafi wadda Malam ya ara wa maƙwabcinmu Ummaru shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shi ke nomawa, amma ɗorawar da ke ciki tamu ce, kamar yadda ake yi in gona aro ce. Duk bazara matarsa Azumi ke kawo min, in fitar da kalwa in yi daddawa. Bana shiru. Da na aika tambaya, sai Ummaru ya ce wai Malam kyauta ya ba shi gonar tun tuni.

Na kira Tukur, ƙanen Malam. Ya ce in bar wa Allah, wai kotu sai mai takarda, kuma me mace mai takaba za ta je yi gaban alƙali? Takarda kam ba mu da ita. Malam da baki yake magana. Amma gonar nan ita kaɗai ya bar wa 'yarmu Zaituna da ƙannenta. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Mairo

Kurfi, ranar Alhamis

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan zafin nan bai matsa miki ba. Na ga kukar da kika aiko, Allah ya saka da alheri.

Wata Malama Yasmin ta zo har ɗakina. Tana cikin masu taimaka wa mutane kan shari'a kyauta, suna zama a rumfa ranar kasuwa, maƙwabciya ce ta kai mata labarina. Na ɗauka za ta nemi takarda. Sai ta zauna kan tabarma ta tambaye ni wa ke cin ɗorawar gonar. Na yi dariya, rabona da dariya tun ranar bakwai. Ta ce ba wasa take ba, abin da nake ganin cefane ne, shaida ce. Ta rubuta sunan mai amalanken da ke ɗauko buhunan da na mai unguwa.

Ta ce takaba ba ta hana neman haƙƙi, zan iya naɗa wakili. Tukur ya yi ta ƙunƙuni, ya ce ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba, ƙarshe dai ya sa babbar riga ya je ya shigar da ƙara. Ya dawo yana mamakin ba wanda ya daka masa tsawa. An kai wa Ummaru sammaci.

Abin da ke damuna Azumi. Ita ta riƙe ni ranar da aka fita da Malam. Yanzu ko a bakin rijiya ta ga Zaituna sai ta sunkuyar da kai.

Taki,
Mairo

Kurfi, ranar Talata

Yaya Kulu,

Ina miki sallama irin ta kullum, da fatan ruwan farko ya same ku lafiya. Na fita takaba ranar Juma'a, jiya Litinin na je kotu da ƙafata.

Da safe ina ɗaura mayafi sai ga Azumi da kwarya a ka, cike da kalwa, wankakkiya. Ashe ta ɓoye ta bana. Ta sauke a inda ta saba saukewa ta juya. Da kwaryar na tafi.

Alƙali ya saurari shaidunmu biyu, sannan ya tambayi Ummaru me ya sa mai gona zai yi shekara goma sha ɗaya yana kai wa wani ɗorawarsa. Ya ce zumunci ne. Aka ce to ya rantse kyauta ce. Ya dubi kwaryar, ya gane ta gidansa ce. Sai ya ce aro ne.

An rubuta, an buga hatimi, takardar tana ƙasan akwatina. Na ce ya noma bana tunda ya riga ya kai taki, aka rubuta wannan ma. Tukur ya ce na cika sanyi. Ni dai na san abin da Malam zai yi.

Na ɗora kalwar a wuta. In ta yi, zan aiko miki da kason da nake ware wa Malam. Kaso na farko na Azumi ne, a cikin kwaryarta zan mayar.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mairo