Kujerar Mijin Tsohuwa

Inna,

Ina gaishe ki da kowa a Warra. Ya ƙafar taki? Surajo ya gyara kwalekwalensa kuwa?

Lafiyata lau a Ingila, kada ki damu. Tsohuwar da nake kula da ita tana wasan karta, birij, da ƙawayenta biyu. Tun rasuwar mijinta, ni suke zaunarwa a kujerarsa.

Jiya suka ce a wannan zagayen babu kalar kati da za ta ci saura, kuma ni zan jefa katin farko. Ban iya zaɓi ba, Inna. Sai hannuna ya yi sanyi ƙalau, ya zaro ƙaramin kati da kansa. Tsohuwar ta dubi katin, ta yi murmushi ta ce, "Harold, har yanzu da wannan kake farawa?"

Aikin ba wuya, abinci akwai. Amma ki sa Malam Yusha'u ya yi mini addu'a, gobe ma akwai wasa.

'Yarki,
Zuliha