Kyamarar Baba da Ɗakin Inna

Ɗanbatta,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Tahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Fadima da yara, Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan muna lafiya gwargwado. Baba yana cin abinci, ko da yake ba kamar da ba. 'Yar'uwarmu Aina'u ta koma ɗakinta tun bayan sadakar arba'in, sai dai ta leƙo mu ranar kasuwa. Ni kuwa maigidana Kamilu ya ce in ci gaba da zama wajen Baba har a gama kaka, tunda makarantar da nake koyarwa ma ta fi kusa da nan. An girbe gero an ɗaure, gyaɗa ce kawai ta rage a ƙasa. Waken da Inna ta shuka da hannunta a gonar bayan gari ya yi 'ya'ya sosai, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Sau uku kana tambayata yadda nake, ina ce maka lafiya lau. Ba ƙarya na yi maka ba, amma kuma ba gaskiyar ke nan duka ba. Tun ranar da aka kai Inna makwancinta ban yi kuka ba. Matan unguwa suna ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsunkule ta ba ta sani ba. Ina dafa abinci, ina zuwa makaranta, ina amsa gaisuwa, shi ke nan. Akwai wani abu da ya faru a gidan nan wanda bakina ya kasa faɗa maka ta waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ana saura mako ɗaya a raba gadon Inna, Baba ya kira ni bayan sallar walaha, ya ce in jawo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Tsohuwar kyamararsa ce a ciki, cikin jakar fatar nan da ka sani, wadda ya yi shekara talatin yana ratayawa zuwa kasuwar Ɗanbatta da ta Tsanyawa da gidajen suna da biki, kafin wayoyi su kashe sana'ar, kafin kuma idonsa ya tafi. Ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya ce ya ɗauki hoton rabin mutanen ƙasar nan, amma bai taɓa ɗaukar na Inna ba, domin duk lokacin da ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ba abin kallo ba ce. Ya ce tunda ita ta wuce, yana so a ɗauki ɗakinta yadda ta bar shi kafin kaya su watse. Na ce masa ai ga wayata. Ya ce hoton waya ransa a hannun waya yake, shi wanda ake riƙewa a hannu yake so. Na yi niyyar in tuna masa cewa ko an wanke ba zai gani ba, sai na fasa. Washegari na shiga motar Kano na je wajen tsohon abokinsa Malam Muhammadu Sani, wanda har yanzu yake wanke hoto a wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni fim guda biyu na baƙi da fari.

Kwana biyu Baba ya yi yana koya mini a zaure. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne nauyinta, ƙarfe ce zalla, da sanyi a hannu. Ya nuna mini yadda ake jan ɗan mariƙin da ke hagu sama har bayanta ya buɗe, a ajiye gwangwanin fim a gurbinsa, a jawo harshen fim ɗin a soke shi a tsagar sandar da ke dama, a rufe. Hannunsa yana rawa yanzu, don haka ni na saka, shi ya bi da yatsa ya ce ya yi. Ya koya mini jan hannun da ke sama da babban yatsa bayan kowace ɗauka, don fim ya matsa gaba. In na leƙa ta 'yar tagar baya, akwai wani ɗan da'ira a tsakiya da ke raba abu gida biyu, sai in yi ta murɗa zoben gilashin gaba har rabi da rabi su haɗu, to a nan hoto ya fito sosai. Allurar da ke auna haske ta daɗe da mutuwa, batirinta ma ba a samu. Ya ce ba komai, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In rana ta take, inuwa ta fito da kaifi, in sa zoben lambobi a kan sha shida. In a ƙarƙashin darbejiya ne, in dawo takwas ko ƙasa da haka. A cikin ɗaki kuwa in buɗe shi iyakar buɗewa, in rage saurin ɗaukar, in jingina da dokin ƙofa, in riƙe numfashi, sannan in danna a hankali kamar mai taɓa kan jariri. Duk wannan bayani, Yaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tun rasuwar ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba.

Ranar Laraba da hantsi na fara. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin a kan tabarma, yana tambayata ta ina haske ya shigo, ina faɗa masa, yana ba ni lamba. Na ɗauki jeren kwanukanta na bango, da gadon da shimfiɗarta a kai, da carbinta a rataye a ƙusa, da takalminta na roba da ke bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ta cire su. Na fito tsakar gida na ɗauki turmi da taɓarya, da kaskon da take suyar ƙuli-ƙuli, da kuɓewar da ke bayan ɗaki, da awakinta uku. Duk lokacin da na danna sai tagar ta yi duhu na ƙiftawar ido, a ji ƙaras, sannan ta dawo. Baba ya ce madubin ciki ne yake tashi ya ba haske hanya. Na zaci in na ƙura wa kayan nan ido wani abu zai motsa a ƙirjina. Babu abin da ya motsa. Lambobi kawai nake tunani, da kada hannuna ya girgiza. Kafin azahar ta Alhamis 'yar lambar da ke ƙirga ɗauka ta kai talatin da shida. Na naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa, na ƙulle shi a bakin zane.

Ranar Asabar Liman ya zo da dattawa biyu aka yi rabo, lami lafiya, babu wanda ya ɗaga murya. Aina'u ta tafi da awaki da rabin kwanukan, aka kai gadon kwanciyarta gidan Kawu, sauran tufafi aka yi sadaka da su kamar yadda muka yi shawara da kai. Naka kason yana nan a ɗaure a ɗakin Baba. Kafin la'asar ɗakin ya zama fili, in ka yi magana a ciki muryarka tana dawo maka.

Da na koma Kano, Malam Muhammadu Sani ya shiga ɗakin wankin ya bar ni a kan benci. Ya daɗe. Da ya fito sai na ga bai dube ni ba. Ya ɗaga doguwar ledar fim ɗin a hasken ƙofa ya ce in duba. Fes take, kamar gilashin da aka wanke, babu ko ɗigo sai 'yan lambobin gefe. Ya ce harshen fim ɗin ne ya suɓuce daga tsagar tun a ɗaukar farko, don haka ina ta jan hannu, lamba tana ta ƙirgawa, amma fim yana kwance a gwangwaninsa bai motsa ba. Ya ce alamar da ake dubawa ita ce ɗan mariƙin hagu, in ana ja yana juyawa to fim yana tafiya, in bai juya ba to aikin banza ake yi. Ya ce babu mai hoton da wannan bai taɓa samu ba, ya yi ta ba ni haƙuri. Na yi masa godiya. Sai da na zauna a mota sannan na tuna ko da wayata ban ɗauki ko ɗaya ba, tunanin hakan bai ma zo mini ba.

Tun daga Kano har muka wuce gonakin da aka girbe ina saƙa abu ɗaya. Baba ba ya gani. Zan iya miƙa masa kowace irin takarda in ce ga kwanukan Inna, ga takalminta, ya shafa ya ji daɗi, babu mai tona ni. Har na tsara wanda zan ce ya fi kyau. Da na shiga zaure na same shi a inda na bar shi, ya juyo da fuska ya tambaye ni ko na cikin ɗaki sun yi duhu, domin su ne yake jin tsoro. Sai na ji bakina yana faɗa masa gaskiya, da irin muryar da zan ce masa gishiri ya ƙare. Ya miƙo hannu na ba shi ledar. Ya bi ta da yatsu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, ya sake dawowa. Ya ce laifinsa ne, shekara talatin idonsa ne yake duba mariƙin nan ba tare da ya sani ba, shi ya sa bai tuna ya faɗa mini ba. Can aka kira magariba. Tuwon da na kai masa haka na ɗauke shi.

Da safe ya ce in ciro masa farar rigarsa ta Juma'a da hularsa, in kai masa kujera ƙofar ɗakin Inna, in kawo fim na biyu. Na soke harshen sosai wannan karon, na rufe, ya ɗora yatsansa a kan mariƙin ya ce in ja. Na ja, ya juya a ƙarƙashin yatsansa, ya ce in sake, ya sake juyawa, sannan ya sake mini kyamarar. Ya zauna ya gyara wuyan riga, ya ɗora hannuwa a gwiwa yadda yake sa mutane su yi. Bai san inda zai duba ba, sai da na yi magana ya bi muryata. Yaya, kullum ina tare da shi, ni nake ba shi abinci, amma sai da na leƙa ta tagar nan ina murɗa zobe na ga hularsa ta yi masa yawa, ta sauko har kan kunne, wuyansa kuma ya zama kamar na ɗan tsako a cikin rigar. Na tsaya ban danna ba har ya tambaye ni ko wani abu ya lalace. Na ce a'a. Na ɗauke shi sau uku. Sauran fim ɗin na ƙarar da shi a kan abin da ya rage, bangon da tabon kwanuka ya fito a jikinsa, da ƙusar da babu komai a kanta, da kuɓewar da ta fara bushewa.

Da na kai Kano aka wanke, waɗannan sun fito duka. Na Baba ɗaya ya fi sauran, har zaren hularsa ana gani. Na ce masa zan saka maka shi a cikin wannan takarda, tunda gani ya kori ji. Ya ce in samo ambulan in saka shi, in rubuta sunanka a baya da ranar da aka ɗauka, yadda yake yi wa masu hoto a kasuwa. Na rubuta. Sai ya karɓa ya tura ƙarƙashin matashinsa. Ya ce shi a sana'arsa bai taɓa bin mutum gida da hoto ba, mai hoto shi yake zuwa da ƙafarsa ya karɓi abinsa. Don haka kada ka duba cikin wannan takarda, babu komai sai rubutuna. Na san aikinka ba ya sakinka da sauƙi, na kuma san ba da son ranka jana'iza ta wuce ka ba, babu wanda ya riƙe ka a zuci. Amma zumunci a ƙafa yake. Kowace safiya in na je gyara masa shimfiɗa sai ya laluba ya ji ambulan ɗin yana nan kafin ya bar ni in ɗaga matashin. In da hali, kada ka bari a gama cire gyaɗa.

Ka gaishe mini da Yaya Fadima da kyau, ka ce na gode da atamfar da ta aiko. Ka shafa mini kan Ramlat da Uwaisu da ɗan autanku Abdulkabir. Aina'u da maigidanta suna gaishe ku, haka Kawu da iyalinsa, haka Kamilu. Baba ya ce in gaishe ka, bai ƙara komai a kai ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya kawo ka gida lafiya.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Rumaisa